Kalmomin Kwamfuta da Salula a Hausar Bakin Iyaka: Ma'anarsu da Amfaninsu a Bengu

1. Gabatarwa

Baƙon abu ba ya zama a ƙasar Hausa babu suna. Wani yakan zo da sunansa na gida, a lanƙwasa shi ya dace da bakin Bahaushe, kamar yadda aka yi wa "mota" da "rediyo". Wani kuwa sai an raɗa masa sabo bayan ya sauka, kamar "jirgin sama". Kwamfuta da wayar salula da dangoginsu sun bi waɗannan hanyoyi biyu, sai dai sun zo da yawa, cikin ɗan lokaci kuma, har kalmominsu suka riga masu ƙamus isa kasuwa.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana ma'anar muhimman kalmomin wannan fanni, da yadda ake amfani da su yau da kullum a Bengu da kewayenta, cikin gundumar Gaya ta jihar Doso. Dalilin zaɓen wurin shi ne, a nan Hausa tana karɓar aro ta kafa biyu a lokaci guda: Faransanci ta wajen Gaya da Yamai da ƙasar Benin, Ingilishi kuma ta wajen Najeriya. Abin da za a nuna shi ne, cikas ɗin da ke gaban masu tsara yaƙi da jahilci iri biyu ne: abu ɗaya mai suna uku, da suna ɗaya mai ma'ana uku. Na biyun ya fi haɗari, domin a kansa ne mutum yake asarar kuɗinsa ko sirrinsa.

Batun ya ƙara nauyi tun watan Maris na 2025, lokacin da kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Harshen da aka ɗora wa wannan kaya lalle ne ya iya faɗin abin da ke rubuce a fuskar waya ba tare da ruɗani ba.

2. Wurin da hanyoyin shigowar kalmomi

Bengu ƙaramar hukuma ce ta karkara, arewa maso gabas da garin Gaya, a kwarin Dallol Mawri, yankin da aka sani da giginya da rake da gishirin Foga. Kyangawa da Dandawa da Zabarmawa da Fulani da Hausawa suna zaune a wannan yanki, Hausa kuwa ita ce harshen ciniki da Najeriya. Garin Kamba, hedikwatar ƙaramar hukumar Dandi ta jihar Kebbi, ba shi da nisa, Malanbil ta ƙasar Benin kuma tana ƙetaren kogin Kwara, daura da Gaya. Hausar yankin tana cikin karin yamma, dangin Kabanci da Arewanci.

Wayar salula ta shigo Nijar da Najeriya kusan tare. A 2001 ne kamfanin Celtel ya fara aiki a Nijar, a wannan shekara kuma MTN da Econet suka fara a Najeriya. Saboda haka babu harshen da ya riga wani shimfiɗa tabarma a bakin iyaka. Ɗan kasuwar da ke zirga-zirga yakan riƙe layi biyu cikin waya ɗaya, na Nijar mai farawa da 227 da na Najeriya mai farawa da 234, kowane kamfani kuma yana aiko masa da saƙo cikin harshen mulkin ƙasarsa.

Akwai hanya ta uku, wato rediyo. Sassan Hausa na BBC tun 1957, da Muryar Jamus tun 1963, da Muryar Amurka tun 1979, da RFI tun 2007, tare da Muryar Sahel, su ne suka yaɗa ƙirƙirarrun kalmomi irin su "na'ura mai ƙwaƙwalwa" da "yanar gizo". Daga baya kamfanonin intanet suka biyo sahu: Google ya sa Hausa cikin na'urarsa ta fassara a 2013, Facebook kuma ya fito da fuskarsa ta Hausa a 2016.

3. Siffar kalmomin

3.1 Jeri uku

A jerin da ke biye, kalmar farko ta Faransanci ta zo, ta biyu ta Ingilishi, ta uku kuwa ƙirar Hausa ce. Inda aka bar gurbi, babu kalmar Hausa da ta zauna.

(1) a. salula, portabil / hanset / wayar hannu, wayar tafi-da-gidanka
b. ordinater / kwamfuta / na'ura mai ƙwaƙwalwa
c. rezo / sabis, netwok / ...
d. pis / sim / layi
e. kiredi, inite / kati / kuɗin waya
f. mega, forfe / data / ...
g. mesaj / tes / saƙo, saƙon kar-ta-kwana
h. memwar / memori / ma'ajiya
i. kod / fin, faswod / lambar sirri, kalmar sirri
j. bip / filashin / ...
k. aplikasiyon / af / manhaja

Mutum guda yana iya amfani da jeri ukun a wuni ɗaya, gwargwadon wanda yake magana da shi. Wajen mai sayar da inite a Gaya zai ce "rezo", a kasuwar Kamba ya ce "sabis", idan kuma yana maimaita labarin da ya ji a rediyo ya ce "yanar gizo".

3.2 Lanƙwasa sauti

Gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙi biyu a jere, don haka akan saƙa wasali a tsakani: crédit ya zama "kiredi", clé ya zama "kile". Wasalin Faransanci da ake rubutawa u, wanda babu shi a Hausa, yakan koma i, kamar yadda bureau ya zama "biro" tun zamanin mulkin mallaka. Ta haka aka sami "pis" daga puce, da "inite" daga unité, da "nimero" daga numéro. Sautin v yakan koma b, kamar a "bidiyo" da "bokal", wato saƙon murya. Sautin f kuwa, a karin yamma, yakan fito h, shi ya sa ake jin "horhe" a madadin "forfe". Wannan tsohuwar ɗabi'a ce, ita ta ba da "hoto" da "tarho" waɗanda suka shiga daidaitacciyar Hausa.

Abin lura a nan shi ne, tsofaffin kalmomin aro daga Faransanci sukan zo manne da harafin l na gabansu, kamar "lakwal" daga l'école. Sababbin ba su yi haka ba: ba a cewa "larezo". Mai yiwuwa ne dalilin shi ne an tsinci tsofaffin da kunne daga bakin Nasara, sababbin kuwa an gan su tsirara a fuskar waya, aka karɓe su daga bakin waɗanda suka yi lakwal.

3.3 Jinsi da jam'i

Kalmomin sun bi ƙa'idar Hausa. Masu ƙarewa da wasalin a sun zama tamata: "waya ta mutu", "data ta ƙare", "kwamfuta ta tsaya". Sauran kuwa namiji: "rezo ya dawo", "kiredi ya shiga". Waɗanda suka daɗe sun sami jam'i irin na Hausa: wayoyi, kwamfutoci, layuka, manhajoji. Samun jam'i alama ce ta cewa kalma ta zama ƴar gida.

3.4 Aikatau

Duk da yawan aro a ɓangaren sunaye, aikatau na Hausa ne kusan baki ɗaya.

(2) a. Turo mini nimeronka.
b. Goge saƙon in ka karanta.
c. Rezo ya ɗauke.
d. Danna nan ka riƙe, sa'an nan ka yi magana.
e. Ya toshe ni.
f. Ta yi mini bip.

Tura, goge, danna, shafa, kunna, kashe, buɗe, toshe, adana, sauke, ɗora: babu ɗaya cikinsu da wani kwamiti ya zauna ya ƙirƙira. Inda kuma aka ari aikatau, sai a mai da shi suna a haɗa da "yi", kamar a (2f) da "yi caji". Har ma akwai inda Hausa ta fi Faransancin yau da kullum rarrabewa: télécharger yana nufin ɗauko abu daga intanet da kuma aika shi can, alhali Hausa tana da "sauke" ga na farko da "ɗora" ga na biyu.

4. Ma'ana da amfani

4.1 Waya, salula

"Waya" aro ce daga kalmar Ingilishi mai nufin zaren ƙarfe. Daga zaren ta koma kan saƙon tangaraho da ke bin sa, daga nan aka sami "gidan waya", sa'an nan tarho, har ta iso ga na'urar aljihu wadda ba ta da zare ko ɗaya. A yau tana nufin na'urar, tana kuma nufin kiran kansa, kamar a "yana waya". "Salula" kuwa ta yi sa'a, domin kalmar da ta fito daga gare ta kusan ɗaya ce a Faransanci da Ingilishi, saboda haka ana fahimtarta a ɓangarori biyu na iyaka. "Wayar tafi-da-gidanka" ta yi tsawo, ta zauna a bakin ƴan jarida.

4.2 Kwamfuta, ordinater, na'ura mai ƙwaƙwalwa

Ma'anar asali ita ce na'urar da ke karɓar bayanai, ta sarrafa su bisa umarnin da aka tsara mata, ta adana su, ta fitar da sakamako. Bisa wannan ma'ana, babbar waya ta shafawa ita ma kwamfuta ce. Amma a amfanin yau da kullum sunan ya tsaya ga wadda ake gani a ofishin magajin gari ko a shagon buga takardu. "Na'ura mai ƙwaƙwalwa" tana da aibi biyu: gaɓoɓinta sun yi yawa, tana kuma sa mai koyo ya ɗauka na'urar tana tunani, alhali umarni take bi. Wannan zato yana da illa, domin wanda ya ɗauka haka ba ya musun abin da na'ura ta nuna ko da kuskuren mai shigar da bayanai ne.

4.3 Rezo, intanet, yanar gizo

"Rezo" yana ɗauke da ma'ana uku: ƙarfin da waya take kamawa daga eriya, da kamfanin da ke da eriyar, da kuma haɗuwa da intanet. Wanda ya ce "babu rezo" yana iya nufin kira ba ya shiga, ko kuwa kira yana shiga amma WhatsApp ba ya buɗewa, maganin biyun kuwa ba ɗaya ba ne. "Sabis" ma haka yake a wancan ɓangare.

Intanet ita ce mahaɗar kwamfutocin duniya, wadda ta koma kan ƙa'idojinta na yanzu a 1983. Yanar gizo kuwa, a asali, fassara ce ta sunan tsarin shafuka masu kai mutum daga wannan zuwa wancan, wanda Tim Berners-Lee ya ƙirƙira a cibiyar CERN tsakanin 1989 da 1991, tsarin da Faransawa suke kira la Toile. Wato yanar gizo ɗaki ɗaya ce cikin gidan intanet. A Hausar rediyo kalmomin biyu sun zama ɗaya, ba kuma a ga alamar za a sake raba su ba. A magana ta yau da kullum ma ba a cika jin ko ɗaya ba, sai dai a ce "hau", "buɗe koneksiyon", ko a ambaci sunan WhatsApp ko Facebook kai tsaye.

4.4 Layi, pis, kati

"Pis" da "sim" suna nufin ɗan ƙaramin katin da kamfani yake bayarwa, wanda lambar mai waya take ciki. "Layi" ya haɗa katin, da lambar, da kamfanin, da ingancin kira, kamar a "layi ba kyau". "Kati" ya fi kowa ruɗani. A Najeriya sunan takardar da ake kankarewa ne, daga nan ya koma kan kuɗin da ke cikin waya, har a ce "ba ni da kati" ko da ba a sayi takarda ba. A Nijar kuwa carte ya haɗa wannan takarda da katin ajiya da katin ɗan ƙasa. Mai sayarwa yakan gane abin da ake nufi daga yanayin ciniki, amma a rubuce babu yanayin da zai taimaki mai karatu.

4.5 Kiredi, inite, mega, data

"Kiredi" ko "inite" kuɗin kira ne da aka biya tun kafin a yi amfani da shi. A nan ma akwai tarko, domin a bakin wanda ya saba da hulɗar banki ko ƙungiyar manoma "kiredi" bashi ne. "Mega" kuwa ma'auni ne na yawan bayanai, kamar yadda tiya take ma'aunin hatsi: haruffa wajen miliyan ɗaya ke cika mega guda, mega dubu kuma su ba da jiga guda. A amfanin jama'a sunan ma'aunin ya zama sunan hajar, sai a ce "mega ta ƙare". "Data" a asali tana nufin bayanan kansu, a kasuwa kuwa daidai take da "mega". Ƙarin wahala ga mai layi biyu shi ne, kamfanin Nijar yana rubuta Mo da Go, na Najeriya kuma MB da GB, alhali abu ɗaya ne.

4.6 Memwar, memori

Masana suna rarrabe wurin da na'ura take riƙe abin da take aiki a kai, wanda yake gogewa da an kashe ta, da wurin ajiya na dindindin. A kasuwa ba a san wannan bambanci ba. "Memwar" shi ne ɗan katin da ake kai wa mai turi ya cika shi da wa'azi ko waƙoƙi ko fina-finai, har ma akan kira abin da ke ciki da wannan suna. "Ma'ajiya" ta dace da tsarin Hausa na sunan wuri, irin na "makaranta" da "ma'aikata", ba ta kuma bukatar dogon bayani.

4.7 Manhaja

Wannan kalma daga Larabci take, an kuma daɗe ana amfani da ita a fagen ilimi da ma'anar tsarin darussa. Ƴan jarida suka faɗaɗa ta ta rufe logiciel da application, wato jerin umarnin da ke sa na'ura ta yi wani aiki. Ga masu tsara karatun manya wannan karo ne a cikin gida: "manhajar yaƙi da jahilci" yanzu tana iya zama tsarin darussa na hukuma, tana iya zama abin da ake saukewa a waya. A takardun aiki wajibi ne a riƙa cewa "manhajar karatu" da "manhajar waya".

4.8 Buga

Ana buga waya, ana buga takarda da na'ura, ana buga littafi a maɗaba'a. A shagon buga takardu saisie da impression aiki biyu ne, kowane da kuɗinsa, amma wanda ya ce "a buga mini" ya haɗa su, gardama kuma takan tashi wajen biya. Ana iya raba su da "shigar da rubutu" da "fitar da shi a takarda".

4.9 Kod

Babu kalmar da ta kai wannan haɗari. "Kod" yana nufin lambar ƙasa da ake farawa da ita, da jerin lambobi masu tauraro da ake dannawa don duba kiredi, da lambar da ake ba wanda zai karɓi kuɗin da aka aiko masa, da kuma lambar da ke buɗe asusun mai waya. Biyun farko na kowa ne. Ta uku ta mai karɓa ce da ma'aikacin da zai biya shi. Ta huɗu ba a faɗa wa kowa. Wanda ya saba da miƙa wayarsa ga yaron shago ya danna masa "kod", ba zai ga aibin faɗin ta huɗu ga muryar da ta kira shi da sunan kamfani ba. A nan ƙirar Hausa ta fi aro nesa ba kusa ba, domin "lambar sirri" tana ɗauke da gargaɗinta a jikinta.

5. Matsaloli biyu da suka shafi rubutu

5.1 Lissafin kuɗi

A Hausar Nijar da dala ake ƙidaya sefa, dala ɗaya kuwa tamma biyar ce. Abin da waya ta rubuta 100 dala ashirin ne, 500 dala ɗari, 1000 jika guda. Wanda aka ce ya tura dala ɗari biyar, 2500 zai danna. Naira kuwa kai tsaye ake ƙidaya ta: naira ɗari biyar 500 ce a baki da a rubuce. Saboda haka ɗan Bengu mai layi biyu yana aiki da lissafi biyu cikin waya ɗaya, a ɗaya abin da ya faɗa shi yake dannawa, a ɗayan sai ya ninka sau biyar. Littafin lissafi na manya da bai koyar da wannan juyi ba ya bar ɗalibinsa a hannun mai danna masa.

5.2 Haruffa masu lanƙwasa

Taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980 sun tabbatar da ɓ da ɗ da ƙ a rubutun Hausa, dokar ƙa'idojin rubutu ta 1999 kuma ta ci gaba da amfani da ƴ a Nijar, inda Najeriya take rubuta 'y. Tsarin Unicode ya ƙunshi waɗannan haruffa tun farkon shekarun 1990, amma ƙananan wayoyi masu maɓallai ba su da su. Bugu da ƙari, gajeren saƙo yana ɗaukar haruffa 160 ne idan an tsaya ga haruffan da tsarin GSM ya tanada. Da an sa ƙ guda ɗaya sai adadin ya faɗo zuwa 70, saƙo ɗaya ya rabu biyu ko uku, kuɗinsa ya ƙaru. Wato mai bin ƙa'ida shi ne yake biya fiye da kowa.

Sakamakon haka shi ne ɗalibin da ya koyi "ƙasa" da "kasa", da "faɗa" da "fada", yana ganin su iri ɗaya a waya. Idan aka haɗa da rashin raba kalmomi, sai a sami irin wannan:

(3) ya bata kudin

Wannan yana iya zama "ya ba ta kuɗin", yana iya zama "ya ɓata kuɗin". Tsakanin ma'anonin biyu akwai zaman lafiyar gida.

6. Shawarwari ga masu tsara yaƙi da jahilci

Haɗa waya da karatun manya ba sabon abu ba ne a jihar Doso. A 2009 da 2010 an gudanar da shirin ABC a ƙauyuka fiye da 100 na jihohin Doso da Damagaram, inda aka koya wa wasu azuzuwa amfani da salula tare da karatu. Rahoton Jenny Aker da abokan aikinta na 2012 ya nuna ɗaliban waɗannan azuzuwa sun fi sauran maki a rubutu da lissafi. Sai dai tun da WhatsApp ya kawo saƙon murya a 2013, wanda bai iya rubutu ba ya sami hanyar aika saƙo ba tare da harafi ba. Abin da ya rage masa dole ya karanta shi ne lambobi, da sunayen mutane, da ƴan kalmomin da kamfani yake aikowa. A kan waɗannan ya kamata darasi ya tsaya.

Game da zaɓen kalmomi, tarihin Faransanci kansa yana da abin koyi. Kalmar ordinateur, wadda Jacques Perret ya ba kamfanin IBM a 1955, ta zauna domin ta zo tare da na'urar, haka ma informatique ta Philippe Dreyfus a 1962. Amma courriel, wadda aka aro daga Kebek aka hukunta a Faransa a 2003, ta tarar da kishiya ta riga ta shiga ɗaki, har yanzu kuma tare suke zaune. Bisa wannan ana ba da shawara kamar haka:

(a) Inda aikatau na Hausa ya riga ya zauna, a rubuta shi yadda yake, kada a nemi wani.

(b) Inda aro ɗaya yake aiki a ɓangarori biyu na iyaka, kamar salula da intanet da bidiyo, a karɓe shi, a daidaita rubutunsa.

(c) Inda aro biyu suke takara, kamar rezo da sabis, ko mega da data, a sa na Nijar a kan gaba, a kawo ɗayan kusa da shi, musamman a littattafan Gaya da sauran garuruwan iyaka.

(d) Inda kalma ɗaya ta rufe abubuwan da rikita su yake jawo asara, wato kod da kati da kiredi da manhaja, a nan ne ya kamata a kashe ƙarfi wajen ƙira: lambar sirri, lambar karɓa, lambar ƙasa, katin kira, katin ajiya.

(e) A sa darasin juya dala zuwa lambar da ake dannawa, da darasin karanta saƙon da babu haruffa masu lanƙwasa a cikinsa, ba tare da an daina koyar da ƙa'ida ba.

(f) A yi aikin tare da cibiyoyin Najeriya. Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi wanda Dalhatu Muhammad ya tace a 1990, da Ƙaramin Ƙamus na Abdou Mijinguini na 1987, sun riga salula zuwa. Ƙarin da za a yi musu, idan kowace ƙasa ta yi nata ita kaɗai, zai ƙara jeri na huɗu ne a kan ukun da ake da su.

7. Kammalawa

An ga cewa Hausar Bengu ta karɓi kalmomin kwamfuta da salula ta Faransanci da Ingilishi da rediyo, ta lanƙwasa sautinsu, ta ba su jinsi da jam'i, ta kuma riƙe aikatau nata. Yawan sunaye ga abu ɗaya bai hana ciniki ba, domin mutanen iyaka sun saba da shi tun zamanin fataucin gishiri. Abin da ke bukatar hannun masana shi ne ƴan kalmomin da suka tara ma'anoni masu karo da juna, da juyin dala, da haruffa masu lanƙwasa. Mataki na gaba shi ne tattara irin wannan jeri a Birnin Ƙonni da Maraɗi da Magariya, a kwatanta shi da na Dandanci da Zabarmanci na Gaya, kafin a buga sabon littafin karatun manya.